Dakta Abhay Bang da Kula da Jarirai a Gida: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tasirin Bincikensa

Duk wanda ya tsunduma cikin nazarin lafiyar jarirai sababbin haihuwa a ƙasashe masu tasowa, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da sunan Gadchiroli, wata gunduma mai dazuzzuka a jihar Maharashtra ta ƙasar Indiya, da kuma sunan likitan da ya shafe shekaru yana aiki a ƙauyukanta, wato Dakta Abhay Bang. Tambayoyin da ke biye irin waɗanda ɗaliban aikin jinya da ungozoma da jami'an lafiya a matakin farko kan yi ne game da aikinsa.

Wane ne Abhay Bang, kuma me ya kai shi Gadchiroli?

An haife shi a shekarar 1950 a Wardha, ya kuma tashi a yankin Sevagram, inda Mahatma Gandhi ya zauna tare da mabiyansa, domin iyayensa suna cikin masu bin tafarkin Gandhi na yi wa karkara hidima. Ya karanta aikin likita a Nagpur, inda matarsa Dakta Rani Bang, ƙwararriya kan lafiyar mata, ita ma ta yi karatu. Su biyun sun tafi Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka yi digiri na biyu kan lafiyar al'umma, suka kammala a 1984, sannan suka koma gida suka kafa ƙungiyar SEARCH mai bincike da aikin lafiyar al'umma, wadda ta fara aiki a Gadchiroli a 1986.

Zaɓen wurin da gangan ne. Gunduma ce ta talakawa, akasarin ƙasarta daji, da yawa daga mazaunanta 'yan ƙabilar Gond ne da sauran ƙabilu na asali, a wancan lokacin hanyoyi ba su da kyau, ga kuma tashe-tashen hankula na 'yan tawayen Naksal. A lokacin da suka fara ƙidaya, cikin kowane jariri 1,000 da aka haifa da rai, 121 ba sa cika shekara guda.

Shin da jarirai sababbin haihuwa ya fara bincikensa?

A'a. Takardar da ta fara fito da sunan SEARCH a duniya ta Rani Bang ce, wadda mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 1989, inda aka duba mata 650 a ƙauyuka biyu aka tarar kashi 92 cikin 100 nasu suna ɗauke da wata cuta da ta shafi mahaifa ko al'aura, mafi yawansu kuma ba su taɓa zuwa wajen likita a kanta ba.

Shi kuwa Abhay ya fara ne da ciwon limoniya na ƙananan yara. A binciken da aka buga a 1990, an koya wa ma'aikatan lafiya na ƙauye da ungozomomin gargajiya a ƙauyuka 58 su gane limoniya ta hanyar ƙirga numfashin yaro, su ba shi ruwan maganin kotirimokzazol, wanda aka fi sani a shagunan magani da Septrin, sannan aka kwatanta su da wasu ƙauyuka 44 da ba a yi hakan ba. Mutuwar yara ta dalilin limoniya ta kasance 8.1 cikin 1,000 a ƙauyukan farko, 17.5 kuma a na biyun. Da yake yawancin ungozomomin ba su iya ƙirga mai tsawo ba, sai aka ƙera musu wani ɗan ma'auni: kwalbar yashi mai zubewa cikin minti ɗaya, haɗe da jerin duwatsun ado da ake turawa ɗaya bayan kowane numfashi goma. Idan hannu ya kai ga jan dutse kafin yashi ya ƙare, to numfashin ya yi sauri fiye da kima.

Bayan limoniya ta ja baya sai lissafi ya nuna cewa mafi yawan jariran da suka rage suna mutuwa, a cikin kwana 28 na farko suke tafiya. Daga nan tambayar ta koma kan watan farko.

Yaya aka tsara binciken 1999 da ake yawan ambato?

A wancan zamani, koyarwar da ta yi rinjaye ita ce jariri marar lafiya ba shi da wurin zama sai asibiti, ƙarƙashin likitan yara, da kwalbar ɗumama jarirai da iskar oksijin. Wannan gaskiya ne a inda asibitin yake. A Gadchiroli kuwa kusan duk haihuwa a gida ake yi, al'ada ba ta yarda a fita da mai jego da ɗanyen jariri ba, kuɗin mota da na magani sun fi ƙarfin gida, kuma ƙasa da kashi 3 cikin 100 na jariran ne likita ya taɓa gani a watansu na farko. Saboda haka Bang ya juya tambayar: idan jariri ba zai je asibiti ba, wane ɓangare na aikin asibitin za a iya kai masa ɗakin uwarsa ba tare da an cutar da shi ba?

An ɗauki ƙauyuka 39 da za a yi aikin, da wasu 47 da za a riƙa kwatantawa da su. Daga 1993 zuwa 1995 ba a yi komai ba sai rubuta haihuwa da mutuwa, aka samu jarirai 62 cikin 1,000 na mutuwa a watan farko a rukunin farko, 58 a na biyu. A kowane ƙauye na rukunin farko aka zaɓi mace mazauniyar garin, wadda ta yi shekara biyar zuwa goma a makaranta, aka horar da ita. Ana kiran waɗannan mata arogyadoot, wato manzannin lafiya.

Shekarar farko ta aikin, 1995 zuwa 1996, an keɓe ta ne don lura. Matan suna halartar haihuwa, su auna nauyin jariri da zafin jikinsa, su dawo a kwanakin farko a jere, sannan a kai a kai har kwana 28, suna rubuta duk abin da suka gani. Ta haka aka bi jarirai 763, aka gano cewa kashi 42 cikin 100 nauyinsu bai kai kilo biyu da rabi ba, kuma kimanin rabin mace-macen shigar ƙwayoyin cuta jiki ne ya jawo su, wato cutar jini da limoniya da sanƙarau, sai kasa yin numfashi a lokacin haihuwa, sai kuma zuwa bakwaini. Wannan shekara ta lura, a ganina, ita ce ƙashin bayan aikin, domin da ita aka san abin da za a saka a jakar ma'aikaciya da abin da za a bari.

Daga shekara ta biyu aka fara magani. Ma'aikaciya tana share jariri ta lulluɓe shi, ta taimaka a ba shi dakashi tun sa'ar farko, ta sa bakwaini da ƙaramin jariri cikin jakar ɗumi, ta duba cibiya da fata, ta kuma taimaki wanda bai yi kuka ba da bututun hura iska, wanda daga baya aka musanya da jakar matsawa. Idan ta ga alamu biyu a lokaci guda daga cikin jerin da aka koya mata, kamar raunin kuka, ƙin kama nono, saki jiki, sanyin jiki, kumburin ciki ko amai, faɗawar ƙirji, ko mugunya a cibiya, sai ta shawarci iyaye su tafi asibiti. Idan suka ƙi ko suka kasa, sai ta yi wa jaririn allurar jentamaisin da ƙaramin sirinji irin na masu ciwon suga, ta haɗa masa da kotirimokzazol na sha. Likita yana zagayo kowane ƙauye sau ɗaya a mako biyu, ya duba takardunta da jariran da ta yi wa magani. A shekara ta uku aka ƙara da wayar da kan iyaye mata da kakanni, tun da a can ma kaka ce mai faɗa a ji a ɗakin jego.

Me sakamakon ya nuna?

A shekara ta uku, 1997 zuwa 1998, kashi 93 cikin 100 na jariran ƙauyuka 39 ɗin sun samu wannan kulawa. Mutuwar watan farko ta sauko zuwa 25.5 cikin 1,000, alhali a ƙauyukan kwatance tana 59.6, wato raguwar kashi 62 cikin 100 idan aka yi la'akari da inda kowane rukuni ya faro. Cikin jariran da ake zaton ƙwayoyin cuta sun shiga jikinsu, waɗanda ke mutuwa sun ragu daga kashi 16.6 zuwa kashi 2.8. An ƙiyasta cewa kula da kowane jariri ya ci dala 5.3, kuma cikin kowane jariri 18 da aka kula da su an kuɓutar da ɗaya da zai mutu. Lancet ta buga takardar a watan Disamba na 1999.

Ba kasada ba ce a miƙa wa matar ƙauye allura ta yi wa jariri ɗan kwana uku?

Wannan ita ce sukar da ta fi zafi, kuma likitocin yara da suka yi ta ba su yi don son rai ba. Jentamaisin magani ne da kan taɓa ƙoda da ji idan aka wuce ƙa'ida. Gane cuta da ido ba tare da gwajin jini ba kan sa a yi wa jariran da ba su da ita magani, yawan amfani da irin waɗannan magunguna kuma shi ke koya wa ƙwayoyin cuta bijire musu. Akwai kuma tsoron cewa wadda aka ba sirinji yau, gobe za ta buɗe ɗakin allura a zaurenta.

Amsar Bang ita ce a auna kasadar da abin da ke ƙasa, wato jaririn da ba zai samu kowane magani ba. Ya kuma kewaye allurar da sharuɗɗa: magani ɗaya, awo ƙayyadadde gwargwadon nauyin jariri, alamu rubutattu, amincewar iyaye, da likita mai bin diddigi. Inda aka cire waɗannan sharuɗɗa, sukar tana nan da ƙarfinta, kuma babu wani abu a takardar 1999 da ya halatta wa wanda ba a horar ba ya yi wa jariri allura.

Da me ake auna tasirin mai bincike irin wannan?

A jami'o'i an saba ƙirga yawan takardun da mutum ya buga, da yawan lokutan da wasu masana suka ambace su, da wani ma'auni mai harafin h da masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, wanda ke haɗa yawan takardu da yawan ambato. Ta wannan fuska takardar 1999 ta yi fice, don ɗaruruwan takardu sun dogara da ita. Sai dai akwai masana da dama da suka ninka Bang yawan rubuce-rubuce, kasancewar ya zauna a gunduma ɗaya yana bin al'umma ɗaya shekara da shekaru.

A fannin lafiyar yara akwai ma'auni biyu da suka fi ƙirgar ambato nauyi. Na farko, shin aikin ya sa wasu masana sun kashe shekaru da kuɗi don su gwada ko gaskiya ne? Na biyu, shin ya canja abin da ma'aikaciyar lafiya ke yi da hannunta? A duka biyun amsar e ce. Lokacin da Lancet ta fitar da jerin takardunta kan tsirar jarirai a 2005, wanda ya sanar da duniya cewa jarirai miliyan 4 ke mutuwa kowace shekara a watan farko, Gadchiroli tana cikin 'yan hujjojin da ake da su cewa ana iya rage adadin ba sai an jira an gina manyan asibitoci ba. A 2009 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa da ta shawarci ƙasashe su riƙa tura ma'aikata gidajen masu jego a rana ta farko da ta uku, da ta bakwai idan hali ya yi.

Lambobin yabo sun biyo baya. Mujallar Time ta sanya shi da matarsa cikin gwarazan lafiya na duniya a 2005, gwamnatin Indiya kuma ta ba su lambar Padma Shri a 2018.

An samu irin wannan sakamako da aka gwada a wasu wurare?

An samu raguwa, amma ba a ko'ina ta kai ta Gadchiroli ba, kuma bambancin yana da abin koyo. A Sylhet ta ƙasar Bangladesh, inda aka bar ma'aikata su yi allura a gida idan iyaye sun ƙi asibiti, binciken da aka buga a 2008 ya nuna raguwar kashi 34 cikin 100 a watanni shida na ƙarshe. A Shivgarh ta jihar Uttar Pradesh, a shekarar dai, an samu raguwar kashi 54 ba tare da wani magani ba, ta hanyar sauya ɗabi'u kawai, kamar jinkirta wankan farko, manna jariri a ƙirjin uwa da tsabtace cibiya, amma wuri ne da mace-macen suka yi yawa ƙwarai tun farko, don haka gyara kaɗan ma yana bayyana. A Hala ta Pakistan, inda aka yi amfani da ma'aikatan gwamnati da ke da wasu ayyuka a kansu, raguwar ta tsaya a kusan kashi 15. A Ghana, gwajin Newhints da aka yi a gundumomi bakwai na yankin Brong Ahafo aka buga a 2013, inda 'yan sa-kai ke ziyara suna tura marasa lafiya asibiti, ya samu kashi 8 kacal, adadin da masu lissafi ba su iya raba shi da dace ba. Da masu wannan bincike suka tattara gwaje-gwajen da aka yi cikin tsarin gwamnati na yau da kullum, sai matsakaicin ya zo kashi 12.

Abin da waɗannan alƙaluma ke nunawa shi ne, ziyara kaɗai ba ita ce maganin ba. Amfanin yana ƙaruwa ne gwargwadon saurin isar ma'aikaciya bayan haihuwa, da abin da aka yarda ta yi idan ta tarar da jariri ba lafiya, da kuma ko akwai mai duba aikinta. Ƙasashe da yawa sun ɗauki ɓangare mai sauƙi, wato jadawalin ziyara, suka bar mai wuya da tsada, wato horo mai tsawo da sa ido na kowane mako biyu.

Akwai rauni a tsarin binciken kansa?

Akwai. Ba a raba ƙauyukan ta hanyar ƙuri'a ba, yanki ɗaya aka kwatanta da wani, kuma ƙauyukan da aka yi aikin sun riga sun saba da SEARCH tun zamanin aikin limoniya, abin da ya sa suka fi saurin yarda da ma'aikatanta. An kuma haɗa abubuwa da yawa a dunƙule, ta yadda ware rabon kowanne yake da wuya, ko da yake masu binciken sun danganta kaso mafi girma ga maganin ƙwayoyin cuta. A gefe guda, rubuta haihuwa da mutuwa wasu ma'aikata dabam ne suka yi shi a yankunan biyu, an fara shi shekara biyu kafin aikin, kuma an ci gaba da bin ƙauyukan har aka fitar da bayanan shekara goma a mujallar Journal of Perinatology a 2005, inda raguwar ta ɗore.

Me gwamnatin Indiya ta yi da wannan aiki?

Bayan ƙungiyoyi bakwai sun sake gwada tsarin a sassa dabam-dabam na Maharashtra ƙarƙashin shirin ANKUR, gwamnatin tarayya ta mayar da kula da jarirai a gida manufar ƙasa a 2011, ta ɗora shi a kan matan ASHA, ma'aikatan lafiya na ƙauye da aka fara ɗauka daga 2005, waɗanda yawansu ya kai kimanin miliyan ɗaya. Ana sa ran kowace ta ziyarci jariri sau shida idan a asibiti aka haife shi, sau bakwai idan a gida ne, har zuwa kwana 42, a biya ta rupi 250 bisa tsarin na 2011. Ba a ba ta allurar ba. Aikinta ta gane alamun haɗari ta tura asibiti.

Ina alaƙar wannan da Najeriya?

Alaƙar ta kai tsaye ce. Tambayar da Gadchiroli ta buɗe, wato me za a yi wa jariri mai alamun cuta idan asibiti ya gagara, ita ce aka gwada a babban binciken AFRINEST a wurare biyar na Afirka: ɗaya a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ɗaya a Kenya, uku a Najeriya, wato Ibadan da Ile-Ife da Zariya. Ma'aikatan al'umma ne ke zagaya gidaje suna gano jariran, ma'aikatan jinya kuma su yi maganin. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa haɗa allurar jentamaisin da amoksisilin na sha, har da tsarin da allurar ke tsayawa a kwana biyu, yana aiki daidai da tsarin allurai biyu kullum na tsawon mako guda, kuma jaririn da saurin numfashi ne kaɗai alamarsa, maganin sha ya wadatar masa. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar yi wa irin waɗannan jarirai magani a ƙananan asibitoci idan tura su gaba bai yiwu ba.

Buƙatar kuwa a fili take. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 39 cikin 1,000 na mutuwa a watan farko a Najeriya, alhali burin da ƙasashen duniya suka sa wa hannu shi ne a sauko zuwa 12 kafin 2030, kuma a shiyyar Arewa maso Yamma kashi 16 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti. Yawancin mace-macen suna faruwa ne a makon farko, kafin ranar suna, lokacin da mai jego ba ta fita, baƙi kuma ba su cika shiga ɗakinta ba sai 'yan barka. Shi ya sa wadda za ta iya wannan aiki sai mace 'yar gari da maigida da uwar miji suka sani.

Shin binciken yana nufin haihuwa a gida ta wadatar?

Bai ce haka ba. Ma'aikaciyar ƙauye ba za ta tsayar da zubar jini mai yawa ba, ba za ta yi tiyata idan naƙuda ta tsaya ba, kuma bakwainin da ya zo da wuri sosai yana buƙatar oksijin da na'urar taimaka wa numfashi. Indiya kanta ta haɗa ziyarar gida da tura mata haihuwa a asibiti da buɗe sassan kula da jarirai marasa lafiya a asibitocin gundumomi. Ƙa'idar 2015 ma ta ware jariran da jikinsu ya tsananta, wato mai jijjiga, da wanda ba ya motsi ko an taɓa shi, da wanda ya kasa shan nono gaba ɗaya, ta ce waɗannan a ba su kashin farko na magani a garzaya da su asibiti, domin sauƙaƙƙen tsarin ba nasu ba ne.